Koriyar fitila a hoton bikina

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Nasarawa, akwai wata ɗabi'ar mahaifina da muke yi wa dariya a gida. Duk ɗakin taron da ya shiga, coci ne ko gidan biki, ba ya zama sai ya ɗaga kai ya nemo koriyar alamar nan ta ƙofar fita, mai hoton mutum yana gudu. Can zai ja kujera ya zauna. Mu kuwa mu ce Baba ya shirya tserewa tun ba a soma addu'a ba.

Da bikina ya zo, na kama wani ɗakin taro a Kamazou. Kalar da na zaɓa ruwan hoda ce da ruwan gwal, kuma a lokacin ji nake duniya za ta tashi in wata kala ta shigo. Mai kwalliyar wurin ta ce koren nan zai ɓata hoto, sai ta lulluɓe shi da yadi, ta jera kujeru a bakin ƙofar.

Bayan an ɗaura aure a coci muka iso. Baba ya shiga, ya ɗaga kai, ya duba ko'ina, sai ya juya ya fita. Aka kira sunansa ya zo babban tebur, shiru. Na tattara rigar amarya na bi shi waje, na tarar da shi tsaye cikin rana tare da amininsa, wani Alhaji daga Tudun Wada da suka yi aikin masaƙa tare.

Na ce, "Haba Baba, yau ma?"

Ya ce, "A cire yadin, a kwashe kujerun, in shigo."

Raina ya ɓaci sosai. Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, ba rigima yake yi ba. Da gobara ta tashi a sashenmu, wuta ta ɗauke, hayaƙi ya cika wurin. Abu ɗaya muke gani, koren nan, don batir gare shi. Babanki ya riga kowa isa ƙofar, amma bai fita ba. Tsayawa ya yi ya riƙe ta yana ihu, muna bin muryarsa. Ɗaya ƙofar an tare alamarta da dilar auduga. Mu uku ne aminai. Na ukunmu yana can ɓangaren, bai gan ta ba, bai fito da rai ba."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na koma ciki, na hau kujera da takalmi mai tsini, na fizge yadin da hannuna. Mai kwalliya ta dafe kai. Baba ya shigo, ya tura ƙofar ya ga tana buɗuwa, sannan ya zauna kusa da ita. Babban teburin dai bai hau ba.

Ba abin da ya faru ranar, an ci an sha an watse lafiya. Hotunan kuwa duk da koren a bayanmu, kamar yadda matar ta faɗa.

Baba ya rasu yanzu, kuma ina kewarsa ƙwarai. Duk inda na shiga, ni ma sai na ɗaga kai. Yarana suna min dariya, suna cewa Mama ta shirya gudu. Nakan bar su su yi, in ja kujerata zuwa bakin ƙofa.