Mai Kwalta Ya Kasa Zama

Tun yana saurayi Mai Kwalta yake liƙe tsagewar filin ajiye motocin wani babban kanti, don kada ruwa ya cinye ƙasan. Da gwiwa ta gaza, 'ya'yansa suka zaunar da shi a gida.

Ran nan hadari ya haɗu, Mai Kwalta ya kama safa da marwa a tsakar gida.

"Malam, wai kai ka haifi kwaltar nan?" in ji matarsa.

Ya ja sandarsa ya fita, ya nufi filin motocin. Ya tarar sababbin ma'aikata sun toshe kowace tsaga, sun share magudana. Ya zagaya yana tsokanar ko'ina, bai sami aibu ba. Ya dawo ransa a ɓace, ya ƙi cin abinci.