Shekarar da Shamuwa Ta Rasa Masauki

Shekaranjiya na bi ta bayan kasuwar Illela, wajen masu faskare, sai ƙanshin ɗanyen itacen tsamiya ya bugi hancina. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani ɗan kabu-kabu ya yi mini tsiya ya wuce. Ka yi haƙuri da ni mai karatu, tsamiyar gidanmu na tuna.

A bakin katanga take, ta wajen titi, kuma mutum uku ba sa iya zagaye gindinta da hannu. Ba don 'ya'yanta aka san ta ba, ko da yake mun sha kunun tsamiya har ya gundure mu. Don shamuwa aka san ta. Duk shekara, idan bazara ta kai inda mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi, sai a wayi gari a gan su sun sauka, baƙaƙe masu farin ciki, suna gyaran tsofaffin sheƙunansu. Ran kasuwa tsofaffi daga Lafani da Gidan Katta kan biyo ta ƙofar gidanmu su tambayi kakata ko baƙinta sun iso. In ta ce sun iso, sai su koma gida su fito da iri.

Kada ka ɗauka zama da su daɗi ne. Ƙarni gare su, ga kashi. Innata ba ta da damar shanya a wannan gefen, kullum tana mita. Kakata kuwa, wadda ta haifi babana, ko a jikinta. Takan ce tun kafin surukinta ya kafa gidan suke sauka a nan, tun kafin a ja layin da ya raba mu da Konni, kuma ba ta taɓa jin ɗan kwastan ya tambaye su takarda ba. A lissafinta mutanen gidanmu ba mu ashirin ba ne kawai. Akwai shamuwa, akwai jemagu, akwai zumar da ke kogon reshe, har da ƙadangarun da ke sace mana tsaki. Mu ne ma, in ji ta, muka zo daga baya muka raɓa. Ni dai dariya nake mata, in ce to a riƙa zuba musu tuwo mana.

Ina da shekara tara ƙanen babana ya fara maganar sito. Fatauci yake tsakanin nan da Konni, kaya sun yi masa yawa, kuma babu wurin da mota za ta iya tsayawa a sauke sai daidai inda tsamiyar take. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Shi ke ciyar da gidan, don albashin babana a Sakkwato ba ya kai mu ko tsakiyar wata. Babana ya amince, sauran maza suka amince. Kakata ce kaɗai ta ce a'a. Da ƙanen babana ya ce mata maganar aljanu duk camfi ne, sai ta ce ita ba ta ambaci aljani ba, masu gida ta ambata.

To a wajenmu akwai wata al'ada. Babu mai saran itacen da zai ɗora gatari a bishiyar da shamuwa ke kwance a kai, ko nawa za ka ba shi. Alhaki ne babba. Da ka ji wannan sai ka ce ai tsamiya ta tsira. Ina! Abin da ƙanen babana ya fahimta shi ne a yi sauri a sare ta kafin su iso, lokacin sheƙa ba kowa, don kada a ɗauki alhakin kowa.

Ina tankaɗe a bayan zaure da hantsi na ji yana shirya ranar da masu saran. Da ya leƙo ya gan ni, bai yi faɗa ba. Washegari ya kawo mini jan takalmin roba, ya ce zan raka kakata Konni ta duba ƙanwarta kwana uku, in kuma ja bakina in yi shiru. Na karɓi takalmin. Har yau in na tuna irin murnar da na yi sai kunya ta kama ni.

Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki, sai in dubi ƙafata in haɗiye. Kakata kuwa hirarta kawai take da ƙanwarta, tana tsokanata wai ko na yi saurayi ne a Illela da na ƙagu mu koma.

Da muka dawo, tun daga nesa na ga gidanmu ya yi wani irin haske, kamar kan da aka yi wa aski. Rassa jibge a titi, tsofaffin sheƙuna a warwatse, awaki na cin ganye. Kakata ta tsaya ta daɗe tana kallon kututturen, sannan ta shige ɗakinta.

Bayan kamar mako guda shamuwa suka iso. Da la'asar ne. Suka yi ta kewaya sararin da tsamiyar take a da, su yi ƙasa kamar za su sauka, su sake tashi. Biyu suka sauka a kan tulin bulon ginin sito, ɗaya riƙe da tsinke a baki. Duk gidan muka fito, har ƙanen babana. Kakata ta gyara lulluɓinta kamar za ta gaida manya, ta matsa kusa da su.

"Ku yi haƙuri, baƙina," ta ce. "Kun iske gida ba gida. Ban da ƙarhin da zan tsare muku shi."

Ta sa aka ɗora tsohon kwando da ƙirare a kan soro ko za su karɓa. Kwana biyu suna zuwa suna kewayawa, a na uku ba mu ƙara ganinsu ba. Tsofaffin ƙauye suka zo ran kasuwa, suka dubi bulo, suka juya ba su yi tambaya ba.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da abin a raina. Sai da ciwon ajali ya kwantar da kakata, ina da ɗana na fari a goye, na durƙusa na faɗa mata cewa na sani, kuma takalmi aka ba ni na yi shiru. Na zaci za ta juya mini baya. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Ke ɗiyag ga, mi kika ɗauke ni? Ni ma na sani. Tun randa anka ce in tai Konni na gane. Da na zauna ma sai sun sare ta. Tahiya niy yi don kar a yi gaban idona."

Na so a ce ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sitonmu yana nan. Tun wani rufe iyaka da aka yi kasuwar ta karye, yanzu ɓeraye ne a ciki. Zafi ya ƙaru, damina ta zama ba ta da alƙawari, manomi kan yi shuka biyu ko uku kafin ɗaya ta kama. Ina jin rediyo na cewa manyan duniya na taro a kan yanayi, ana ta gardamar wa ya ɓata, wa zai biya. Ban san ko a cikinsu akwai mai magana da yawun tsuntsu ba. Ni ma da nake wannan dogon bayani, da gawayi nake girki. Kowace safiya buhuna ke shigowa gari niƙi-niƙi a kan babura, na kuma san ba daga sama suke faɗowa ba. Nakan miƙa kuɗina in karɓi ƙullina, ban taɓa tambayar mai gawayin daga wane daji ya fito ba, don ina tsoron ya faɗa mini.