Rufin da Mama Ke Shanya Kuɓewa a Kai

Tun kafin in fito daga ɗakin jarrabawar ƙarshe na saka a sitatus: gobe sayin-awut, kuma Mama ce za ta fara sa hannu a rigata. Sayin-awut ita ce ranar da 'yan ajin ƙarshe ke sa farar riga, kowa ya zo da alƙalami ya rubuta miki abin da ya ga dama. Mama ba ta taɓa taka makarantarmu ba saboda ciwon gwiwa. Idan keke mai ƙafa uku ya faɗa rami da ita, sai ta kwana tana shafa man zafi. Ni kuwa auta ce, so nake ko sau ɗaya ta ga ajin da na sha wuya a ciki.

Ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce, "A motar yayanki zan je, kuma sai an sa mata rufi. Ba zan ratsa unguwar Madaki kaina a waje kamar buhun masara ba."

Motar Yaya ja ce, ƙofa biyu, irin mai buɗaɗɗen sama. Ta haɗu, ba ƙarya. Rufin tamfol ɗin da ta zo da shi rana ta cinye, Yaya ya sa reza ya ƙarasa shi. Daga baya ya sayo wani rufi mai tauri wurin masu kayan mota, wanda ake ɗorawa a cire, amma bai taɓa gwada shi ba. Mama ta kifa shi a tsakar gida ta mayar da shi wurin shanyar kuɓewa da tattasai.

Da safe na wanke shi ina atishawa, don yajin ya shiga ko'ina. Nauyi kuwa ba a magana. Yaya ya leƙa ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo Batangale da ya yi ritaya, duk layinmu “Dadi” muke ce masa. Su biyu suka ɗaga, ni na riƙe waya ina karanto musu bidiyon yadda ake ɗora rufin. A bidiyon wani Bature ne da matarsa a gareji mai tsabta, suka ɗora, abu ya yi ƙas, suka yi murmushi. Mu kuwa netwok na tsayawa daidai inda ake buƙatarsa.

Yaya ya ce, "Auta, me ya yi bayan nan?"

"Yana lodin."

"Hannuna zai cire, ke kina lodin."

Gaba ya zauna lafiya, maƙallan saman gilashi suka kama. Baya ne ya ƙi. Akwai wasu ƙusoshi biyu a gindin rufin da ya kamata su shige wasu ramukan ƙarfe a bayan ƙofofi. A motar Baturen ramukan na nan. A tamu, muka ɓamɓare murfin roba, muka tarar da wayam.

Dadi ya share gumi ya ce, "Wanda ya sayar maka bai haɗa maka da wata 'yar jakar ƙarafa ba?"

"Cewa ya yi komai nomal."

"To ka kai wa mai waldan Barunde mana."

Yaya ya dafa motar kamar an ce za a yanka ta. "Haba Dadi. Walda a jikin wannan? Kuma rufin ma ba ƙarfe ba ne."

Suka tsaya musu, rana na hawa, wayata na ta ƙugi. A guruf ɗin ajinmu hotuna sun fara shigowa, riguna sun fara cika da rubutu. Ƙawata ta turo, "Ina jar motar?" Na rubuta mata muna hanya, alhali ko wanka ban yi ba.

Yaya shago gare shi a Kasuwar Gombe, kullum a gabansa ake ɗaure kaya a bayan a-kori-kura. Sai ya shiga ɗaki ya fito da shuɗiyar igiya. Ya shiga motar ya rufe, ya sa muka wulla igiyar ta saman rufin, ya jawo ta ta taga, ya naɗe a hannun ƙofar dama, ya naɗe a na hagu, ya tokara ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ɗaurin 'yan dako sak. Dadi ya girgiza rufin, ko gezau. Na ɗau hoto ta gefen da igiyar ba ta fito sosai ba, na saka, na rubuta an wuce wurin. Na ruga na yi wanka na sa farar rigata.

Na fito na tarar Yaya na fitowa ta taga, ƙafa a gaba. Igiyar ta ɗaure ƙofofin duka biyu, babu wadda ke buɗuwa.

Daidai nan Mama ta fito, cikin leshinta na biki, da gyale da turare, tana dogara bango. Ta kalli motar, ta kalli Yaya.

"Buɗe min."

Yaya ya sosa ƙeya. "Mama, in kika sa ƙafa ɗaya a nan, ni da Auta muka tallafa…"

Dadi ya ce ya bar famfo a buɗe, ya shige gida.

"Ta taga," in ji Mama. "Ni."

Na yi sauri na ce a kwance, ta shiga tukuna, sannan a sake ɗaurewa. Wallahi a lokacin gani nake na kawo babbar dabara.

"Wato a ɗaure ni a ciki. In mun isa kuma ku tsaya a gaban malamanki kuna kwance ni kamar tunkiya. In wuta ta tashi a hanya fa?"

Muka kwance. Yaya ya gwada zagaya igiyar ta ƙarƙashin but, wurin kaya na baya, ya ja motar zuwa ƙarshen layi don gwaji. Iska na shiga, bayan rufin ya ɗaga ya faɗo da ƙara, maƙalli ɗaya na gaba ya tsage. Na zauna a dakali, na kife wayar a cinya don na gaji da rubuta muna hanya.

Da na shiga gida Mama ta riga ta ninke gyalenta. Ta ce, "Zo nan, juya." Ta karɓi alƙalamin da ke hannuna, ta dafa kafaɗata, ta rubuta da ajami a hankali. Allah ya yi albarka, shi ke nan. "Tafi, kar ki rasa sauran."

A keke na je, ni kaɗai, na tarar rabin ajin sun watse. Duk wanda ya tambayi jar mota na nuna masa kafaɗata. Na shiga ajinmu, ba kowa, na ɗauki bidiyon kujerata da allon da fankar da ba ta taɓa juyawa ba.

Da yamma na dawo, rufin na kife a tsakar gida da kuɓewa a kai. Yaya na waya da mai kayan mota yana faɗa, wai ƙarafan na hanya. Har yau suna hanya. Na miƙa wa Mama bidiyon, ta matso da shi kusa da ido, ta ce in ƙara girman kujerar, ba ta gani da kyau.