Hurar da nake aika wa surukata

Ba zan manta da wannan abu ba har in koma ga Allah. Shekarar da ɗana ya samu aiki a gidan siminti na Malbaza ce, damina biyu bayan mun ƙara rumbu. Matarsa tana wurina a Dogarawa, ciwon sukari ya kama ta, irin wanda ke zo wa mutum da girmansa.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma duk unguwa an san hannuna wajen hura. Kullum da safe nakan dama mata ƙwarya guda, da nono da sukari har ya ji, in aika mata. Ƙwaryar takan dawo wankakkiya. Ina ta alfahari, babu surukar da ake riƙo kamar tawa.

Sai aka yi shela cewa masu bincike sun zo likitar Illela, wato asibiti, suna neman masu wannan ciwo. Na raka ta, tare da wasu maƙwabtanmu biyu masu ciwon. Wata lokotoro mai duba marasa lahiya, a shekaru ba ta kai ɗiyata ta fari ba, ta yi mana bayani cewa ba kowa ake ɗauka ba: sai wanda ya daɗe da ciwon, kuma ciwon ya dami zuciyarsa. Wanda aka ɗauka za a riƙa zama da shi ana koya masa yadda zai samu sauƙin rai, kuma babu tilas.

Ta tambayi surukata ko tana barci, ko tsoro na kama ta. Kafin ta ɗaga kai na amsa mata, na ce lahiya lau take, a gidana fa take. Tambaya uku, amsa uku, duk daga bakina. Da ta rubuta abin da na faɗa, da shi ke nan, an sallame mu.

Ba ta rubuta ba. Ta aje alƙalami, ta ɗauko kujerarta da kanta ta kai gindin iccen bedi, ta ce, "Inna, ki huta nan. Matar ɗa ba ta iya kuka gaban uwar miji."

Raina ya ɓaci, amma na zauna. Da suka fito an ɗauke ta. Na ja lokotoron gefe, na yi lallashi, na yi faɗa, don in ji me aka ce. Ta durƙusa ta ce amana ce, ko mijin ba zai ji daga bakinta ba. Ban taɓa ganin yarinya mai ladabi da taurin kai haka ba.

Da gari ya waye na aika hura. Sai ga surukata da ƙwaryar cike, ta durƙusa nesa.

"Inna, shekara biyu ina sha don kada in maido hannunki. In na sha, sai in wuni ina duban ƙafata, ina tuna yadda aka yanke ta babana."

Na karɓi ƙwaryar na shanye a gabanta. Tun ranar hurarta ba ta ganin sukari, sai abin da likita ya yarda.

Abokan tafiyarmu biyu sun rasu. Lokotoron an ce tana garin Tawa. Surukata na nan da ƙafafunta biyu, ni ma ina nan. Abin da na koya da tsufana: in an tambayi wani ciwonsa, ko kai ke ciyar da shi, ka rufe bakinka ya amsa.