Hanyar Da Malam Hodi Ya Koya Wa Ɗana

Na Allah muke, gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma tambayar wanda ya shirya. Ranar Talata, 14 ga Maris 1989, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Hodi Difensa, tsohon mai ba da magani a asibiti, a gidansa da ke Birnin Kebbi, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar mace ɗaya, Goggo Asiya, da 'ya'ya shida, da kuma mu, waɗanda ba ma cikin magada amma mun fi kowa rasa inda za mu sa kanmu.

Ni ne Sama'ila mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Aji huɗu na yi a elementare aka sallame ni, malaminmu ya ce surutuna ya ishi makaranta biyu. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wurin malamin, sai dai shi ma ya rasu. Yau kwana ashirin da uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Rediyon mutane bakwai na kwance na kasa mayarwa.

Malam Hodi, kai ka san yadda muka haɗu, amma bari mutane su ji, don abin kunyar nawa ne. Shekara biyar da suka wuce ɗana Riskuwa, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya faɗo daga saman lodin shinkafa a hanyar Argungu. Ya yi kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya san ni, ya san matarsa Sakinatu, ya san iyakar gonarsa ta Zauro. Amma duk abin da ya faru bayan faɗuwar ba ya zama a kansa. Ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. A gaishe shi, a juya, ya ce an wuce shi ba gaisuwa, ya hau faɗa. Unguwa ta ce iska ce. Ni kuwa, mai ilimin aji huɗu, na ɗauke shi na kai wani ƙauye bayan Argungu, aka sa masa mari a ƙafa, ana yi masa hayaƙi safe da yamma.

Can ka same mu, a kan tsohon babur ɗinka mai tari. Wani ne ya ba ka labari a tasha. Ba ka yi wa kowa faɗa ba. Ka kama yatsana ka ɗora a bayan kunnensa, inda ƙashi ya lotsa, ka ce, "Sama'ila, aljani bai barin rami irin wanga. Kwalta ta. In rediyo taf faɗi ƙasa, hayaƙi kaka yi mata?" Na ce a'a, bugunta nake yi. Ka ce to Allah Ya tsare marasa lafiya daga hannuna. Ranar aka cire marin.

Daga nan na san rumfar ƙofar gidanka. Shekara talatin ka yi kana ba da magani a asibiti, ka ce abin da ya fi damunka shi ne waɗanda ake ɗinke musu kai a ce sun warke, su koma gida a ce sun haukace. Da ka bar aiki sai ka riƙa tara su kowace Alhamis, su da masu kula da su: wanda babur ya kayar, wadda katanga ta faɗo wa, wanda sa ya tunkuya a huɗa. Babu allura, babu kwalba. Sai tabarma, da kunu, da haƙurin da ban san inda kake sayo shi ba. Kana koya wa iyalai su yi magana ɗaya-ɗaya, su daina cewa "ai na gaya maka."

Ba a rumfa kaɗai ka tsaya ba. Da aka so korar Maliki masinja daga aiki saboda harshensa ya karye bayan haɗari, shugabansa na cewa giya ce, kai ka ɗauki takardar likita ka zauna a bakin ofishin kwana uku, kana gaida mutumin duk shigarsa da fitarsa, har ya gaji da amsawa ya kira ka ciki. Maliki yana nan a aikinsa. Sau huɗu ka je Sakkwato neman a ba mu ma'aikaci ko ɗaya. Ba a ba mu ba. Ka dawo ka ce aƙalla sun san babur ɗinka.

Riskuwa kuwa, shekara guda sunanka ya yi kafin ya zauna masa. Hanyar gidanka ma ba da baki ka koya masa ba. Kullum da safe kai kake zuwa ka ɗauke shi, ku taka tare, ku wuce masallaci, a injin niƙa ku yi hagu, har ranar da ya isa shi kaɗai. Ka ce mini kansa ya yi rauni amma ƙafarsa da hannunsa lafiyarsu lau, su ma suna riƙe abu in an maimaita musu. Ka ba shi gyaran komar masunta, yana yi a rumfarka har azahar, yana ciyar da 'ya'yansa da shi.

To, Malam, ga abin da ka bar ni da shi. Washegarin rasuwarka ya tashi ya bi hanyarsa, ya tarar da tabarmin zaman makoki, ya tambaya, aka gaya masa. Ya faɗi ƙasa yana kuka. Kashegari ya sake zuwa, ya sake tambaya, ya sake faɗuwa. Rana ta uku ma haka. Kowa ya rasa ka sau ɗaya, ɗana yana rasa ka kowace safiya.

Rana ta huɗu sai wayona ya motsa, kuma duk ranar da ya motsa wani ke shan wuya. Na tare shi a zaure na ce ka je Argungu gaida 'yan'uwa, sai wani mako. Ya ce to. Na tafi kasuwa ina yaba kaina. Kafin la'asar babu Riskuwa. Wani direban albasa ne ya tsince shi can nesa da gari, yana tafiya a tsakiyar kwalta cikin wannan rana, ba takalmi ɗaya, wai zai kai maka komar da ya gama. Hanyar da ta fasa masa kai, ita na mayar da shi da bakina.

Goggo Asiya ta aiko a kira ni. Tana takaba, daga bayan labule ta yi magana. Ta ce, "Malam Sama'ila, shekara biyar maigidan nan bai yi ma Riskuwa ƙarya ko ɗaya ba, kai ka yi cikin kwana huɗu." Na ce Goggo, ni ma ban san na yi sauri haka ba. Ta ce, "Bar wasa. Ƙaƙa anka koya mai hanyar gidanga?" Na ce da ƙafa, Goggo. Ta ce, "To koya mai wata."

Tun daga ranar kullum da safe muke fita tare, ni da gwiwoyina masu ƙara. Mu wuce masallaci. A injin niƙa ya ja hagu, in riƙe hannunsa in yi dama, hanyar maƙabarta. Sai mun tsaya a kanka nake gaya masa, da kalmomi iri ɗaya, kamar yadda ka koya mana. Ya yi kukansa, mu yi addu'a, mu koma rumfa ya ɗauki allurar koma. Sau da yawa na ce a raina wannan azaba ce kawai nake ba shi, in ce gobe ba zan fita ba. Gobe ta yi in ga na riga shi sa hula.

Jiya, safiya ta goma sha takwas, muka iso injin niƙa. Ya tsaya. Ban taɓa shi ba. Ya dubi hagu, ya daɗe, sannan ya yi dama. Na ce, "Ina za ka, Riskuwa?" Ya ce, "Ban sani ba, Baba. Nan dai muka zuwa." Da muka isa na gaya masa. Ya yi hawaye, amma a zaune, bai faɗi ba. Kafin in ɗaga hannu in yi addu'a ya riga ni.

Ban ce ya sani ba. Yau ma sai da na gaya masa. Amma ba zai sake bin kwalta yana nemanka ba, ƙafarsa ta san inda kake.

Yau Alhamis, azumi na bakin ƙofa, Goggo ta ce kada a naɗe tabarmin rumfa. Maliki zai buɗe zama, ni an ce in yi shiru, abin da ban taɓa gwadawa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Asiya, da 'ya'yansa, da danginsa na Argungu, da duk gidan da ya cire wa mari. Allah Ya ba mu haƙuri irin nasa, ko rabinsa. Ya Allah Ka gafarta wa Malam Hodi, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya kama hannun masu rauni ya taka da su har suka gane gida, Ka kama nasa Ka kai shi Aljanna Firdausi. Amin.

Sama'ila Mai Rediyo
Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato