Ƙodata ta girme ni

Ko na manta abin da na ci jiya, ba zan manta shekarar da likita ya ce ƙodata ta girme ni ba. Da furfura na koyi rubutu, don haka ku yi haƙuri, yadda nake magana haka zan rubuta.

'Yata ta fari ce ƙodarta ta lalace bayan haihuwa. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, kullum muna hanyar asibiti ana wanke mata jini. Likita ya ce wankin nan ba zai riƙe ta ba, sai an samu ɗan'uwa ya ba ta ƙoda ɗaya. Ban bari ya rufe baki ba na ce ga ni. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Na ce a raina, abin da kunya ta hana bakina faɗa, bari cikina ya faɗa.

Lokacin ina ji da kaina. Ni ke sauke kwandon doya a kasuwar Lafiya ba mai kama min, har baƙi kan ɗauka ni yayarta ce. Likitan ya ce, "Mama, ba fuska muke dubawa ba. Jiki ba agogo ɗaya gare shi ba. Zuciya da nata, hanta da nata, ƙoda da nata. Wani na gudu, wani na tafiya a hankali." Na ce to da me ake duba agogon da ke cikin ciki? Ya ce za su ɗebi jini, ni kuma in tara fitsarina tun daga safe har wata safiyar, su ga yadda ƙodar ke tace datti.

Nas ta miƙo min jarka. Sai Malam, mijina, da ke raɓe bakin ƙofa ya ce a ba shi tasa. Mutumin da ya girme ni nesa, kai fari fat, haƙoran gaba sun tafi. Na ce, "Malam, rufa mana asiri. Wa zai karɓi tsohon kaya?" Ya karɓi jarkarsa ya sa cikin buhu.

Ranar mayar da fitsarin, a Keke Napep direba ya leƙo jarkata ya ce, "Mama, man gyaɗa ne? Na sayarwa?" Na ce buɗe ka ɗanɗana. Ya yi maza ya mayar da idonsa kan titi.

Da sakamako ya fito, likita ya jawo kujera kusa da ni. Nan na san babu daɗi. Ya ce ina da hawan jini da ban sani ba, ga ƙwayar ciwon jiki ta kemis da nake sha kullum in na dawo kasuwa, sun tsofar da ƙodata. Biyun da ƙyar suke isata, in an cire ɗaya ni ma sai wanki. Na ce cire, ni na yarda. Ya ce, "Ni ban yarda ba, Mama." Na fita bayan ɗakin na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar uwata.

Nan Malam ya same ni. Ya tsuguna, gwiwarsa na ƙara. Ya ce, "Tashi. Sun ce tawa da sauranta, sai an ƙara gwaji a Abuja." Na ce taka? Ya ce, "Keken da kike min dariya ina turawa gona hanyar Doma, ashe bai tafi a banza ba." Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ke kika ɗauke ta a ciki. Bar min wannan."

Aka yi aiki a Abuja. Ina tsaye tsakanin ɗaki biyu ban san wanda zan leƙa ba, sai nas ta fito ta ce ƙodar ta kama. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, har maigadi ya taho da gudu. Yanzu 'yar nan tana koyarwa a firamare, uban kuma kullum sai ya tuna mata a riƙe masa kayansa da kyau.

Abin da na koya, madubi fuska kawai ya sani. In kana da wanda kake so ka yi wa rana, je a duba cikinka tun ba a nema ba. Ni na je da zuciya cike, aka ce hannuna babu komai.