Ranar da Na Yabi Taubashiyata

Shekara talatin na yi ina sakatare a buro, wato ofis, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta layi ɗaya da bakina ba. Kullum bakin wani nake ara. In an yi babban baƙo, ni ke rubuta jawabin maraba. In wani babba ya rasu, ni ke rubuta na ta'aziyya, shugabanmu ya tashi ya karanta yana share ido, ni kuwa ina can baya ina bin bakinsa kada ya tsallake layi.

Da na yi ritaya na zauna gida a Konni, zaman ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gidan. Wata rana matata ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi, ka bar bina madafa kana leƙa tukunya." To, shi ne na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, na ce yanzu duniya za ta ji ni.

Rubutuna na farko a kan ruwan sama ne. Na fara da cewa, "Ina mai farin cikin sanar da ɗaukacin jama'a cewa an samu saukar ruwa a wannan gari namu mai albarka." Jama'ar da nake sanar wa kuwa, ruwan ya riga ya jiƙa su har ya ci katangar wasu. Mutum uku suka karanta: ni, sai ni kuma ta wayar matata, sai wani abokina da muke shan shayi tare, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko.

Shi ne ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Wallahi da na kai tsakiyar rubutun nan sai na ji na miƙe tsaye ina laluben katin ɗan ƙasa. Kai, ka bar buro, amma buro bai bar ka ba. Ka rubuta a kan wani mutum da kake ƙauna mana."

Na ji haushi, amma na ɗauka. Kuma ban yi dogon tunani ba, don mutum ɗaya ce ta faɗo mini: taubashiyata ta Tsarnawa, ɗiyar gwaggona.

Ta girme ni da shekara goma. Ita ta goye ni ina jariri, kuma ta sha faɗa a gaban mutane cewa ta taɓa kayar da ni a bakin rijiya, shi ya sa kaina ya baje. Tun daga nan ba ta da sunan da take kirana sai Kan-ƙwarya. Ni kuma baiwata nake ce mata, tunda ni ɗan namiji ne ita ɗiyar mace. Ko a gidan biki, ko a gidan suna, ko a tsakiyar kasuwa, in muka haɗu sai mutane sun taru. Ta ce gemuna na bunsuru ne, in ce dambun da take sayarwa a bakin hanya shi ke kashe tayoyin motoci. Haka taubasai suke, kowa ya sani, kuma ban taɓa faɗa mata magana mai daɗi ba tunda aka haife ni.

Amma akwai abin da ke raina. Lokacin da nake kwaleji a Konni, ina zaune gidan mutane, yunwa na cin hanjina, duk ranar kasuwa matar nan sai ta taka da ƙafa daga Tsarnawa ta kawo mini dambu da ƙuli-ƙuli a ƙunshe. Ba takalmi a ƙafarta. Ta dangwara mini a gaba ta ce, "Ci, Kan-ƙwarya, kada ka mutu a ce ni na kashe ka tun a rijiya." Ban taɓa yi mata godiya ba. Na ga duk mun tsufa, na ce bari in yi tun da sauran lokaci.

Matsalar ita ce, yabo iri ɗaya na iya rubutawa a duniya, wanda na saba rubuta wa shugaba. Na zauna na zuba shi. Na ce baiwar Allah ce mai haƙuri, mai zumunci, mai riƙon amana, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba. Astagfirullah, matar da ake jin muryarta daga tasha! Na lissafa 'ya'yanta da jikokinta. Na nemo wani tsohon hotonta da ta yi tsit ta haɗe fuska na ɗora a sama. Na rufe da addu'ar Allah Ya saka mata da gidan Aljanna. Na karanta sau biyu, har ƙwalla ta zo mini don daɗin rubutun. Da hantsi na sake shi, na tura a zauren dangi da ke cikin waya, sannan na kashe wayar, wai kada a dame ni ina tunanin rubutu na gaba.

Yawancin tsofaffinmu ba sa karatun boko, sai a karanta musu. A Bazaga akwai ƙanen mahaifina, tsoho ne tukuf, shi ya rage mana a manya. Aka karanta masa a gindin bishiya. An ce bai bari an kai ƙarshe ba ya cire hula ya yi salati. Wani ya ce, "Baba, ai ba a ce ta rasu ba." Tsoho ya ce, "Kai yaro ne. Wa yar rubuta? Ba taubashinta ba? Taubashi ba shi yabon taubashi sai a bakin kabari. Ku ɗaura jakkai."

Aka kira ni, waya a kashe. Aka kira ta, tata wayar tana shagon caji ita ma a kashe, ita kuwa tana gona tana roron wake. Shi ke nan, magana ta tabbata. Mutanen Bazaga suka cika amalanke biyu. Danginmu na Alela suka taso a kan babura, uku-uku. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, maƙwabta sun ga taro sun shigo su ma, mata sun cika tsakar gida suna kuka. Surukarta, matar ɗanta, ta fito daga wanka ta tarar ana yi mata gaisuwa, ta ɗauka a gona abin ya faru, ta faɗi tana birgima.

Ana cikin haka sai ga marigayiya ta shigo da damin harawa a ka. Ta tsaya ta dubi taro, ta ce, "Innalillahi! Wa yar rasu?"

Waɗanda suka gani sun ce ba a taɓa gudu irin na ranar ba a Tsarnawa. Wata tsohuwa da ta shekara biyu tana jan ƙafa ta tsallake turmi. Takalma kuwa har washegari ana zuwa nema.

Ni duk ban sani ba. Sai da la'asar na kunna waya, na ga kira kamar ruwan ƙanƙara. Na saurari saƙo ɗaya, na ji ɗanta da ke ci-rani yana kuka yana tambayata ko an riga an kai ta. Na fita ko hula ban sa ba, na tare ɗan kabu-kabu, na ce Tsarnawa, kuma kada ka ji tausayin babur.

A hanya na shirya. Na san za ta wanke ni tas a gaban mutane, har na tanadi abin da zan mayar. Na isa na tarar baƙi sun cinye dambun da ta dafa na sayarwa, tsohon Bazaga yana zaune yana sakace, yana cewa tunda an zo ai ba a koma da yunwa ba. Sai ga ta ta fito. Ta zo gabana, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, mushe sakatare. An zo lahiya? Ya iyali?"

Mushe fa, wato yallaɓai da Faransanci, wai ni take ce wa haka! Ta kawo mini ruwa a kofin gilashi, wanda ake ajiye wa manyan baƙi. Na ce, "Ke baiwa, mene ne haka?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah shi ba ka haƙuri, ranka shi daɗe."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Tsohon ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Ka ɓata wasa, ɗana."

Wata uku matar nan tana girmama ni. A wani suna a Malbaza ta zaɓo mini tsoka mafi kyau ta kawo da hannu biyu. Na ce naman ya yi tauri kamar fuskarta, ta ce, "Gaskiyarka, mushe." Na je har rumfarta a bakin hanya na ce dambun da tsakuwa, ta ce za ta gyara. Mutane suka daina taruwa in mun haɗu. Abinci ya daina yi mini daɗi. Mutum ya kai shekara sittin, iyayensa sun tafi, kowa na ce masa mushe ko baba, mutum ɗaya ce tak ta rage da ke tuna shi yana tsirara a bakin rijiya, ita ma ya mayar da ita baƙuwa da hannunsa. Na ji tsoro ƙwarai kada ɗayanmu ya mutu a haka.

Na aika matata ta ba ta haƙuri, ta dawo da tsarabar wake da gaisuwa ta ladabi. Matata ta ajiye waken ta ce, "Malam, da takarda ka kashe ta, sai ka tashe ta da takarda."

Na zauna rubutu. Na fara, "Ina mai baƙin cikin," na goge. Na sake, "Bisa la'akari da," na goge. Kwana huɗu ina abu ɗaya, hannuna ya ƙi bin wata hanya sai ta buro. Rana ta biyar haushi ya kama ni, na tashi ina zagaye tsakar gida ina faɗa ni kaɗai, kamar tana gabana. Matata na tankaɗe, ta kwashe da dariya har ta zubar da gari. Ta ce, "To ka rubuta wannan mana!" Na ce wannan ai ba rubutu ba ne, surutu ne. Ta ce, "Shi ne dai naka."

Na rubuta shi yadda ya fito. Na ce mutanen Bazaga su kwance jakunansu, baiwata ba ta mutu ba, ina za ta, wa zai karɓe ta da wannan baki? Na ce duk abin da na faɗa na haƙurinta ƙarya ne, na janye. Na ce ita ta baje mini kai, kuma har yau ba ta biya ni da ko ƙwai ɗaya ba. Na ce dambun da take kawo mini kwaleji, rabi take cinyewa a hanya, ta iso tana goge baki. Sannan na ce sauran rabin shi ya riƙe ni har na zama mutum, kuma har yanzu in na rufe ido ina ganin faso a dugaduganta. Ban sa hoto ba, ban lissafa jikoki ba. Na sake shi, kuma wannan karon na bar waya a kunne.

Aka yi ta turawa. Mutanen da ban sani ba suka riƙa rubuto labarin nasu taubasan. Abokina malamin lakwal ya ce yau ya karanta a zaune. Duk ban damu ba, saƙo ɗaya nake jira, kuma bai zo ba.

Sai ranar kasuwa da hantsi, ina zaure, na ji murya daga bakin titi, irin wadda ke tayar da awaki.

"Ina Kan-ƙwarya? Hito nan, maƙaryacin banza! Rabi nic ci? Loma ukku ce, sai ko huɗu in rana ta yi zahi!"

Na fito ba takalmi. Maƙwabta sun riga sun leƙo. Ta dangwara mini ƙunshin dambu a ƙirji, ta ce gemuna ya ƙara zama na bunsuru. Na buɗe baki in rama, sai hawaye kawai ke zuba. Ta ce, "Ku dube shi, ƙaton banza yana kuka." Sannan ta matso ta rage murya, ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ran da nim mutu, in ka yabe ni, ban yahe ba."

Daga ranar, duk abin da zan sa a shafin sai na faɗe shi da baki a tsakar gida tukuna. In matata ta ci gaba da aikinta ba ta ɗago ba, na san buro ne ya dawo, sai in goge.

Shekara huɗu muka ƙara muna wasanmu. Daminar bara ta kwanta kwana shida, ta cika da safe. Bayan mun dawo daga maƙabarta na cika alkawari. Na rubuta cewa baiwata ta gudu ba da izinin ubangidanta ba, ta tafi da sirrin tsakuwar dambu, ta bar ni da bajajjen kai ba mai yi mini gori. Sanarwar rasuwar da addu'a na sa su a can ƙasa, layi biyu.

Mutanen Bazaga ba su zo ba sai ranar sadakar uku. Ashe da aka fara karanta wa tsoho, dariya ta hana a kai ƙasa, da aka kira su kuma suka ce an taɓa yi musu haka. Aka sauko da shi daga amalanke, ya zauna kusa da ni a tabarma, ya kama hannuna yana ba ni haƙuri.

Ya ce, "Ɗana, mun ji kana zaginta, sai munka ce tana nan."

Na ce, "Ni ma, Baba, da nake rubutawa haka na ji."